Ranar da Na Maida Kayan Aro

Wata bakwai ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Tun kafin damina na sayi sabon kaye saboda wannan rubutu, har ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noma, aka yanke gero, shafin farko bai ga komai ba sai bisimilla. Karatuna a sertifika ya tsaya, wato ƙarshen firamare, ina tsoron kuskure. Madarunfa kuma ba ta da girman da mutum zai ɓoye suna a kasa gane wanda yake nufi. Babban tsorona shi ne kada rubutun ya ƙara ɓata abin da ake cewa na riga na ɓata. Shekaranjiya maiɗakina ta ce, "Malam, ko ka rubuta abin nan, ko ka ba ni kayen in riƙa kunna wuta da shi." Shi ya sa na zauna.

Lisenmu, wato babbar sakandarenmu, ba na gwamnati ba ne. Wani Alhaji mai motocin dakon kaya tsakanin nan da Najeriya ne ya ba da tsohon sitonsa na wake, aka raba shi aji huɗu da bulo, aka shafa wa bango baƙin fenti ya zama tablo. Har yau in zafi ya yi, ana jin warin maganin ƙwari yana tashi daga ƙasa, kuma ba mu taɓa jin an ce ƙwaro ya taɓa ɗalibi ko ɗaya ba. Yara suna zuwa daga cikin gari, daga Safo, daga Gabi, har da Sarkin Yamma. An buɗe shi da takardar wucin gadi. Babbar takarda, ta amincewa, wadda in babu ita makaranta ba ta iya rubuta yaranta su zauna jarrabawar bak ta gama lise, ita ce aka ce tana nan tafe.

Ƴata ta fari tana cikin waɗanda aka fara da su. Ko da an ce a rubuta suna, nata dai ba zai fito daga bakina ba. Da ta ci bepese, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, yayata da ke aure a Maraɗi ta ce a ba ta ita ta yi lise a can. Na ƙi. Na tuna babura, na tuna manyan motoci, na tuna ruwan sanyin da ake sayarwa a leda wanda ba a san daga ina aka ɗebo shi ba. Na ce a nan za ta yi, inda zan riƙa ganin fitarta da shigowarta. Yarinyar tana son ta zama ungozomar asibiti. Ke nan in takardar ba ta fito ba, shekara uku da ta yi tana tashi tun asuba za su zama ta yi su ne don motsa jiki, kuma ni na zaɓa mata.

Yadda na zama sakataren ƙungiyar iyaye ba wani abin alfahari ba ne. An ce taro ƙarfe tara, ni kuwa in an ce tara, tun bakwai da rabi nake tsaye a ƙofa don kada a ce na makara. Cikin iyaye sama da ɗari, mu goma sha ɗaya muka zo. Aka tambayi wanda ya iya rubutu, na sunkuyar da kai, amma alƙalamin da ke aljihun rigata ya tona mini asiri. Shugaba kuwa ba a sha wahalar nemansa ba. Tunda sito na Alhaji ne, shi aka zaɓa shugaban iyaye, ko da yake ƴaƴansa duka a Maraɗi suke karatu. Bai cika zuwa taro da ƙafarsa ba. Dirakta kan kira shi, ya buɗe muryar wayar, ya ɗora ta a kan kujerar shugaba, mu kuma mu yi wa wayar sannu da zuwa.

Ƴata tana shekara ta biyu, da bazara, wasiƙa ta zo cewa ƴan komisiyo, jami'an ilimi daga Maraɗi, za su zo su duba makaranta kafin a ba da takardar. Dirakta ya karanta da Faransanci, ya fassara mana. Suna son su ga benci ga kowane yaro, ɗakin littattafai, labo, wato ɗakin gwajin kimiyya, inuwa a fili, da shaidar cewa iyaye suna da hannu cikin tafiyar makaranta. Abin da muke da shi: bencin da ya ishi aji ɗaya da rabi, sauran yara a kan bulo da tabarma. Littattafai suna kan katako ɗaya a ofishin dirakta. Labo kuwa muna da shi ƙwarai, don an rubuta sunansa da alli a ƙofar wani ɗaki, tsintsiya da bokiti suna ciki.

Sai wayar da ke kan kujera ta yi gyaran murya.

"Mi ne abin damuwa a nan? A yi aro mana. Garin ga duka ba a rasa benci ba."

Kowa ya ce haka ne, Allah ya ƙara wa Alhaji basira. Ni kaɗai ban yarda ba. Na ɗaga hannu, ko da yake wayar ba ta gani.

"Alhaji, a gafarce ni. In mun nuna musu abin da ba namu ba, ba mu yi ƙarya ba kuwa?"

"Wa ke magana? Malam Sakatare ne? Malam, ranar sunan ɗanka, tabarmin gidanka kaɗai ka shimfiɗa wa baƙi?"

"A'a, Alhaji."

"To baƙin sun ce ka yi musu ƙarya? Ku yi aiki, ga ni a kan iyaka, ana kirana."

Aka yi dariya, aka watse. Ni ban yi dariya ba. Bayan la'asar na tsaya wurin limamin unguwarmu na gaya masa komai, har da abin da bai tambaya ba. Ya ce aro halal ne, sharaɗinsa dai a kula da kayan, a kuma maida su ranar da aka yi alkawari. Maganar nuna wa baƙi, ya ce wannan tsakaninmu ne da baƙin. Na riƙe rabin farko na amsar da hannu biyu, tunda shi ne na ga zan iya cikawa.

Tunda ni ne mai alƙalami, aka ɗora mini karɓar kaya da maida su. Nan wata damuwa ta taso. Benci duk benci ne. In na haɗa na mutum talatin wuri ɗaya, yaya zan gane na wane? In na rubuta suna, rabin masu kayan da masu amalanken da za su kai ba su karatun boko. Kwana biyu ina juya tuwo a kwano ba na ci, har maiɗakina ta gaji.

"Malam, mu mata in ana biki muna tara kwanuka ɗari daga gida hamsin, ba sakatare, ba kaye, kuma kowa nata yana komawa. Ku maza benci ya gagare ku?"

Ta kifa kwanonta ta nuna mini gindinsa. Ɗigon fenti kore guda biyu. Kowane gida da launinsa da yawan ɗigonsa, kowace mace kuma ta san na maƙwabciyarta. Na daɗe ina cin abinci a kwanon nan ban taɓa kifa shi ba. Washegari na samo ragowar fenti kala huɗu wurin mai gyaran mota, na fere tsinke, na shiga gari.

Mai shayin bakin tasha ya ba da benci biyu, na ɗiga musu ja biyu a ƙarƙashi. Tela ya ba da ɗaya, fari ɗaya. Mai gidan kallon ƙwallo shi ne babban mai taimako, benci goma sha biyu, shuɗi ɗaya. Wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ya yi ritaya ya ba da kwali uku na littattafai. Ban iya sanin abin da ke ciki ba, amma suna da kauri, dirakta kuma ya ce kauri ake so a gani daga ƙofa. Labo ya samu sikelin wani mai sayen gyaɗa, da kwalabe daga kantin magani, da hoton ƙasusuwan mutum da wata ma'aikaciyar jinya ta ciro daga bangon ɗakinta. Maganar inuwa ce ta fi sauƙi. Aka saro rassan bedi, wato dogonyaro, aka kafa su a fili layi biyu, aka zuba musu ruwa a gindi don su ji kamar sun daɗe a wurin.

Ban taɓa ganin iyaye sun damu da makaranta kamar wannan makon ba. Mutanen da na bi gida gida shekara biyu ina roƙo su zo taro, suna cewa suna gona ko suna kasuwa, ga su sun fito da amalanke. Ashe ba makaranta suka ƙi ba, zama a saurari dirakta suka ƙi. In dai abin a ɗauka ne a kai, a yi ihu, a ce wa wani ya kauce, kowa uban ɗalibi ne.

Ranar farko da aka sa, mata suka soya kifin tabki, maza muka sha manyan riguna muka zauna a inuwar da muka dasa jiya. Har azahar ba kowa. Can aka bugo wa dirakta aka ce motarsu tana garaji. Muka yi wa motar addu'ar samun lafiya, muka cinye kifin, na maida kaya. Ko ɗaya bai ɓata ba. A ranar na ji ni wani ne.

Bayan mako biyu aka sa wata rana. Muka sake kwasowa, muka saro sababbin rassa tunda awaki sun gama da na farko. Wannan karon taro ne ya riƙe su. Muka cinye kifin, na maida kaya. Na lura dai fuskokin masu ba da aro sun fara canzawa, kuma masu soya kifi sun fara tambaya ko ƴan komisiyon nan mutane ne da ake gani da ido.

Karo na uku aka ce Laraba, ba fashi. Da na je wurin mai gidan ƙwallo, bai tashi daga inda yake kishingiɗe ba.

"Malam, Juma'a da yamma akwai babban wasa. Wancan karon mutane a ƙasa suka zauna suna zagina."

"In Allah ya yarda kafin sallar Juma'a suna nan."

"Ka ga, ni ban ba makaranta ba, ban ba Alhaji ba. Kai na ba. Kai na sani."

"Na ji. Ni ka ba."

Haka na yi da mai shayi, haka na yi da mai sikeli, wanda ya ce gyaɗarsa ba ta auna kanta. Kafin sallar Juma'a. Da bakina na faɗa, gida talatin da huɗu.

Laraba ta zo ta wuce. Alhamis ta zo, muka zauna har rassan bedi suka sunkuyar da kai. Wannan karon ko waya ba a bugo ba, dirakta ya kira, ba a ɗauka. Da yamma na ce masa gobe da safe zan fara maida kaya.

"Malam Sakatare, mu riƙe su zuwa Litinin."

"Na yi alkawari, Dirakta."

"Alkawarin benci? Ka je ka ba su haƙuri."

"Sau biyu na ba su haƙuri. Wannan karon ranar na faɗa musu, har da lokacin."

Muka nemi Alhaji ya raba mu, wayarsa ba ta shiga, ba rezo. Dirakta ya share zufa ya ce, "Ka yi yadda ka gani, amma ba da yawuna ba." Na koma gida ina lissafi. Juma'a rabin yini ce a ofis. Mutanen da Laraba cikakkiya ba ta ishe su su iso ba, ina za su iso da rabin Juma'a? Na juya lissafin nan ta kowane gefe, ya fito daidai. Har yau in na sake yin sa, daidai yake fitowa.

Da hantsi na Juma'a na gama ɗora kaya. Amalanke shida suka fita, kowanne na kifa benci na nuna wa mai shi ɗigon, na faɗa masa gidan. Na ƙarshe na wani dattijo ne daga Safo wanda jikarsa take ajin ƴata. A kansa aka ɗora ɗakin littattafanmu gaba ɗaya, da labo, da bencin mai shayi, hoton ƙasusuwa a sama an ɗaure shi da igiya yana kallon gari. Na tsaya a ƙofa ina jin sanyi a raina kamar wanda ya sauke farali.

Lungun da ke zuwa makarantar ba ya ɗaukar abin hawa biyu. Amalanke ya kai tsakiyarsa sai ga farar mota ta shawo kwana. Suka tsaya hanci da hanci, jaki da mota. Jaki ba ya ja da baya da kaya, kowa ya sani, don haka motar ce ta koma da baya har bakin hanya, ta ba ɗakin littattafanmu wuri ya wuce. Ina ganin gilashin baya ya sauka, wata mata mai tabarau ta leƙo. Na taho da gudu, amma dattijon ya riga ni, kuma muryarsa irin ta masu kiran jaki ce, ana jin ta daga masallaci.

"Sannu Baba," in ji matar. "Ina za a kai kayan makaranta haka?"

"Ai ba na lakwal ba ne, Hajiya. Na aro ne. Wasu manya munka yi wa shiri, sau uku ke nan, sun ƙi zuwa. Allah dai ya shirye su."

"Amin, Baba," ta ce. "Allah ya shirye su."

Ta fito daga motar. Doguwa ce, tabaraunta da igiya a wuya, maza biyu da jakunkuna suna bin ta. Ita ce shugabar komisiyo. Ban san lokacin da hulata ta dawo hannuna ba. Dirakta ya fito, ya dube su, ya dube ni, irin kallon da har yau in na tuna shi nake neman ruwa in sha.

Madam ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ce wa dattijon ya ɗan dakata. Ta bi aji aji. Ta ga yara a kan bulo, kaye a kan gwiwa. Ta buɗe labo, ta gaisa da tsintsiya da bokiti. A fili ta kama reshen bedi ɗaya da yatsa biyu, ya biyo hannunta ba gardama, ta maida shi raminsa a hankali, har ta taka ƙasar gindinsa da takalmi don kada ya faɗi. Sannan ta shiga ajin su ƴata, inda malamin lissafi yake tsakiyar darasi. Ta ce ya ci gaba. Ta zauna a kan bulo a baya, da zanenta mai tsada, ta yi kusan awa guda. Can ta tashi ta rubuta wani abu a tablo, ta ce wa zai zo. Yara uku suka miƙe, har da tawa. Ina tsaye a taga ina kallon ƴata tana cika tablo da abin da ban san kansa ba, ina duban fuskar Madam ko zan karanta sakamako a can. Fuskar ba ta da rubutu ko ɗaya.

Da ta fito ta nufi amalanke, ta sa aka kifa bencin mai shayi.

"Wa ya yi wannan alamar?"

"Ni ne, Madam. Ni ne sakataren iyaye."

"Wa ya koya maka?"

"Maiɗakina."

"Na sani ai. Namiji ba zai tuna da wannan ba. Nawa kwanukan shuɗi ne, ɗigo uku, kuma har yau ba su gama dawowa daga bikin ƙanwata ba. Kai naka suna komawa?"

"Duka, Madam. Ko ɗaya bai taɓa ɓata ba."

Na faɗi haka da ɗan alfahari, Allah ya yafe mini, a gaban dirakta.

"Gida nawa suka ba da aro?"

"Talatin da huɗu."

"Sau nawa?"

"Uku."

"In an kira taron iyaye kuma mutum nawa ke zuwa?"

Dirakta ya yi tari. Na ji tarin, na kuma gane shi, amma an tambaye ni.

"Goma sha ɗaya, Madam. Ranar da aka cika."

Ta rubuta. Ta daɗe tana rubutu, fiye da tsawon amsar da na ba ta. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Malam, mutanen da za su iya ɗauko benci sau uku su maida sau uku, ba za su iya kawo shi sau ɗaya su bar shi ba?" Kifi babu a ranar, masu suya sun yi yaji. Ruwan randa muka ba su. Da za ta shiga mota dirakta ya tambaye ta yaya ake ciki, ta ce, "Za ku ji." Ta juyo ta ce wa dattijon ya yi sauri kada mai shayi ya jira. Kayan kowa sun isa kafin sallar Juma'a, in wannan zai amfani wani.

Kafin a idar da sallah gari ya gama ji. Iyayen da ba su san ta ina ƙofar makarantar take kallo ba duk suka zama masana dokar ilimi. Wani ya ce da na jira awa ɗaya da yanzu takarda tana bango. Wani ya ce shi tun ranar zaɓe ya san ba ni da kai, ko da yake ranar zaɓen yana Jibiya. An sa mini wani suna a bakin tasha wanda ba zan rubuta ba, yara ma sun iya shi. Rezon Alhaji ya dawo da yamma, ya aiko saƙon murya mai tsawon minti bakwai. Na saurara sau huɗu don kada in rasa wani laifin nawa. Mai gidan ƙwallo kaɗai ya yaba mini, ya ce in na so in zo in kalli wasa kyauta. Ban taɓa kallon ƙwallo ba.

Maiɗakina ta ce, "Ka yi alkawari ka cika, sai mi? Su da suka ce Laraba suka zo Juma'a ba wanda ya sa musu suna." Ƴata kuwa ta ci gaba da harkarta. Ta kawo mini ruwan alwala kamar kullum, ta koma kan kayenta. Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Bayan kwana uku na kasa haƙuri na tambaye ta ko abin da ta rubuta a tablo daidai ne. Ta ce, "Daidai ne, Baba. Madam ta ce in gaya maka ka daina leƙe ta taga, kana tsorata yara."

Tambayar Madam kuwa ta zaga gari, don dattijon Safo ya kai ta ko'ina da muryarsa. Mata ne suka fara jin haushinta. Maiɗakina da maƙwabtanta suka ce kowane gida ya kawo katako ɗaya, wanda ba shi da katako ya kawo ƙusa ko hannunsa. Wani kafinta daga Gabi, uban ɗalibi, da ya dawo daga cin rani ya ce a yi gayya. Asabar uku aka yi ana bugawa. Da ruwa ya sauka aka dasa bedi na gaske, mai saiwa, aka kewaye da ƙaya. Tsohon ma'aikacin duwan ya ce a zo a kwashe littattafan gaba ɗaya, ya gaji da ganin suna yawo a gari kamar marasa gida. Labo dai har yanzu sikeli babu, amma an fitar da tsintsiyar. Taron da muka yi bayan girbi mutum arba'in suka zo, suka zauna a kan sababbin bencina, suka yi awa biyu suna bayanin yadda na kashe makaranta. Na rubuta duka a kayen ƙungiya, tunda aikina ne.

Yanzu muna da benci, ba mai zuwa ya gani. Ƴata tana terminal, ajin ƙarshe. Dirakta ya ce bayan hutun farko ake rufe rubuta sunayen masu zama bak, kuma in an tambaye shi takarda sai ya ce dosiyenmu, wato fayil ɗin takardunmu, yana kan hanya. Hanyar Maraɗi ba ta kai awa guda a mota ba, ko jakin dattijon Safo aka ɗora wa dosiyen da ya je ya dawo sau ɗari. Sau biyu na je Maraɗi da kaina. Ban san ƙofar da zan buga ba, kuma ina tsoron in buga wadda ba ita ba a ƙara rubuta mana wani laifin. Na farko na zauna a wani dogon baranda har aka tashi. Na biyu ban san lokacin da na sunkuya ina duba ƙarƙashin bencin da nake zaune a kai ba, sai mai gadi ya ce, "Baba, mi ka yar?" Na ce ba komai, na tashi na nufi tasha. Ban biya gidan yayata ba, don na san tambayar da za ta yi mini.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya san yadda abin nan yake tafiya, ya taimake ni da bayani. Ƴan komisiyo suna sake dawowa da kansu, ko sai an rubuta an roƙe su? In rubutawa ake yi, wa ake rubuta wa, kuma sakataren iyaye mai sertifika yana iya sa hannu, ko sai shugaba ya samu rezo? In takardar ba ta fito ba kafin a rufe sunaye, akwai hanyar da yarinya za ta zauna bak a bana ba tare da ta maimaita shekara ba, kuma me ake kaiwa, a wace ƙofa? Wanda kuma ya san wata Madam doguwa mai tabarau da igiya, wadda kwanukanta suke da ɗigo uku shuɗi, ya gaya mata ta zo ko wace rana ta ga dama, ko Juma'a ce, ta kifa duk bencin da ta so, ba za ta ga fenti ba. Mai amsa ya bar saƙo wurin mai shayin bakin tashar Madarunfa, ya ce a ba sakatare. In mai shayin bai gane ba, a ce mutumin da ya maida kaya. Ina biyawa ta wurin sau biyu kullum, wani lokacin sau uku.